Tambaya da Amsa: Me ya fitar da Turawan Ingila kafa matsugunai a ƙetaren teku?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na sakandare. A darasin tarihi an koya mana cewa Turawan Ingila sun bar ƙasarsu sun tafi Amurka ne domin neman 'yancin yin addininsu da kuma yaɗa Kiristanci. Da na faɗa wa yayana da ke jami'a, sai ya ce wannan fakewa da guzuma ne a harbi karsana, dukiya kawai suka fita nema. Wanne ne gaskiya a ciki? Allah ya ƙara basira. Daga wani ɗalibi a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana, Allah ya yi wa karatu albarka. Malaminka bai yi ƙarya ba, amma labarin da ya ba ku na wani ɓangare ne kaɗan na mutanen da suka ƙetare tekun, kuma yayanka ya fi kusa da gaskiya, sai dai shi ma ya taƙaita. Abin da nake so ka riƙe shi ne, a farkon lamarin fadar Ingila ba ta zauna ta tsara mamaye duniya ba. Fatake ne da masu jiragen ruwa da 'ya'yan manyan gida suka zuba kuɗinsu, sarki ko sarauniya suka ba su takardar izini, kuma sau da yawa dalilin da ya fitar da su daban yake da dalilin da ya zaunar da su a can.

Mu fara da cewa Ingila ta makara. Bayan tafiyar Christopher Columbus ta 1492, Sifaniya da Fotugal suka ƙulla yarjejeniyar Tordesillas a 1494, inda suka raba ƙasashen da ke wajen Turai a tsakaninsu, da goyon bayan Fafaroma, ba tare da an tuntuɓi kowa ba. Sarki Henry na Bakwai ya aika John Cabot daga tashar Bristol a 1497, ya isa gaɓar arewacin Amurka, amma da yake bai dawo da zinariya ko kayan yaji ba, sai maganar ta kwanta kusan shekara tamanin, in ban da masunta da suka riƙa zuwa kamun kifi a ruwan Newfoundland. A cikin waɗannan shekarun Sifaniya ta ci daulolin Aztec da Inca da yaƙi, a 1545 kuma aka gano dutsen azurfa na Potosi a ƙasar da ake kira Bolibiya a yau. Kowace shekara ayarin jirage na shigowa Sifaniya maƙare da azurfa, kuma da wannan azurfar Sarki Philip na Biyu yake biyan sojojin da suka fi na kowa ƙarfi a Turai.

A nan addini ya shigo, amma ta ƙofar siyasa da tsoro. Ingila ta ɓalle daga Cocin Katolika a 1534 zamanin Henry na Takwas, a 1570 kuma Fafaroma ya fitar da Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya daga coci, ya ce talakawanta ba su da wajibin yi mata biyayya. Daga nan 'yan Furotesta na Ingila suka ɗauki Sifaniya a matsayin takobin Fafaroma, suka kuma lura cewa kaifin takobin daga azurfar Amurka yake. Saboda haka tare jirgin Sifaniya a teku ya zama musu riba da kishin ƙasa da ibada a lokaci guda. Francis Drake ya zagaya duniya tsakanin 1577 da 1580 yana fashin jiragen Sifaniya da garuruwanta, Sarauniya ta karɓi kasonta na ganimar, ta kuma ba shi sarauta a cikin jirginsa a 1581. Matsugunin da Walter Raleigh, wani bafaden Sarauniya, ya aika a kafa a tsibirin Roanoke da ke gaɓar arewacin Amurka a 1585, ɗaya daga cikin manufofinsa shi ne a samu mafakar da za a riƙa kai wa jiragen azurfa hari daga cikinta. Rukuni na biyu da aka kai can a 1587, maza da mata da yara, an bar su ba agaji saboda yaƙin da ya kai ga zuwan rundunar jiragen Sifaniya a 1588, kuma da shugabansu John White ya koma a 1590 bai tarar da ko mutum ɗaya ba.

Dalilin da littattafan makaranta suka fi tsallakewa, alhali a ganina ya fi yawancin sauran nauyi, shi ne cinikin tufafi. Arzikin Ingila a ƙarni na 16 ya rataya ne a kan yadin ulu, kuma kusan dukkansa ta kasuwar birnin Antwerp, maƙwabcin Holan, yake fita. A farkon shekarun 1550 kasuwar ta faɗi, daga baya yaƙin mutanen Holan da Sifaniya ya ƙarasa ta. Masaƙa suka rasa aiki, fataken Landan suka tashi neman inda za su kai hajarsu. A 1553 suka tura jirage su nemi hanyar Sin ta arewa maso gabas, jirgi ɗaya ya ɓulla Rasha, daga nan aka kafa kamfanin Muscovy a 1555. Aka bi da kamfanin cinikayya da daular Turkawa ta Santambul a 1581, sannan kamfanin Gabashin Indiya a ranar ƙarshe ta shekarar 1600, domin a samo masoro da kanumfari da kirfa daga tushensu maimakon a saya da tsada a hannun wasu. Tsarin waɗannan kamfanoni shi ne mutane da yawa su haɗa jari, kowa ya sayi hannunsa, in an ci riba a raba, in jirgi ya nutse kuma asarar ba za ta karya mutum ɗaya ba. Wannan dabarar ce ta ba ƙasar da baitulmalinta ba shi da ƙarfi damar yin abin da a Sifaniya sai da ƙarfin sarki aka yi shi.

Kwaɗayin zinariya kuwa ya kai su ga abin takaici fiye da sau ɗaya. Martin Frobisher ya yi tafiya uku zuwa yankin ƙanƙara na arewacin Kanada tsakanin 1576 da 1578 yana neman hanyar Sin ta arewa maso yamma, ya dawo da wani baƙin dutse mai ƙyalli da wasu masu gwaji suka ce akwai zinariya a ciki. Masu kuɗi suka yi rububin zuba jari, har da Sarauniya, aka loda jirage da duwatsu fiye da tan dubu, aka gina maƙera ta narka su a Dartford, a ƙarshe aka gane dutse ne kawai, kamfanin ya karye.

Idan kana son ganin dukkan dalilan a wuri guda kamar yadda masu abin suka faɗe su da bakinsu, sai ka duba takardar da wani limamin coci mai suna Richard Hakluyt ya rubuta wa Sarauniya Elizabeth a 1584 domin mara wa Raleigh baya. Babinta na farko a kan yaɗa bishara yake, kuma ban ga dalilin zargin Hakluyt da rashin gaskiya a kan haka ba, domin mutumin coci ne da ya yi imani da abin da yake faɗa. To amma mafi yawan sauran babukan a kan abin duniya suke: za a samu sabbin masu sayen yadin ulu, za a samo katako da kwalta da igiyar jirgi ba sai an dogara da ƙasashen tekun Baltik ba, za a ƙara yawan jirage da matuƙa, za a karya lagon Sifaniya, sannan za a sama wa marasa aikin yi abin yi. Sarauniya ta karɓi takardar, amma ba ta buɗe baitulmali ta ɗauki nauyin matsugunin ba.

Wannan magana ta marasa aikin yi tana buƙatar a tsaya a kanta, domin ita ce ta bayyana ko su wane ne suka cika jiragen. Yawan jama'ar Ingila ya tashi daga kimanin miliyan 3 a tsakiyar ƙarni na 16 zuwa fiye da miliyan 5 a tsakiyar ƙarni na 17, farashin abinci ya yi ta hawa, ladan ƙwadago bai bi shi ba. A wurare da dama masu ƙasa suka shinge filayen da talakawa ke noma da kiwo a cikinsu tun kaka da kakanni, suka mayar da su makiyayar tumaki saboda ulu ya fi kawo kuɗi. Mutanen da aka raba da gona suka bazama kan hanya suna bara, suka cika Landan, hukuma kuma ta riƙa yi musu bulala a matsayin 'yan gararamba. Masu mulki suka fara ganin ƙasar ta cika ta batse, suka ɗauki Amurka a matsayin inda za a juye rarar mutane. A 1619 hukumar birnin Landan ta tattara yara kimanin 100 daga tituna ta tura su matsugunin Virginia da ke Amurka. Da yawa daga cikin manya kuma sun tafi ne bisa yarjejeniyar ƙwadago, wato mutum ya sa hannu zai yi wa wanda ya biya masa kuɗin jirgi aiki na shekara huɗu zuwa bakwai ba albashi, da fatan in ya rayu ya samu 'yar gonarsa. A ɓangaren manyan gida ma akwai matsi, domin saɓanin rabon gado da muka sani, a dokar Ingila ɗan fari ne ke gaje ƙasar gida gaba ɗaya, ƙannensa kuwa sai su nemi na kansu a soja ko coci ko ƙetare.

Akwai kuma makarantar da suka koyi aikin, wato tsibirin Ayilan da ke maƙwabtaka da su. Tun 1556 fadar Ingila ta fara ƙwace filayen mutanen Ayilan tana zaunar da nata mutanen, aka yi a Munster a shekarun 1580, aka yi mafi girma a Ulster daga 1609. Humphrey Gilbert, wanda ya ayyana Newfoundland mallakar Sarauniya a 1583, da ɗan'uwansa Raleigh, duka sun yi yaƙi a Ayilan, kuma Gilbert ya yi ƙaurin suna a can wajen rashin tausayi. A Ayilan suka saba da hujjar cewa mutanen da ba su noma ƙasa irin yadda Ingila ke nomawa ba su cancanci riƙe ta ba, kuma da wannan hujjar suka sauka Amurka.

Yanzu dubi Jamestown da ke Virginia, matsugunin Ingila na farko da ya ɗore. Kamfanin Virginia ya samu izini daga Sarki James na Ɗaya a 1606, bayan an yi sulhu da Sifaniya a 1604, kuma a watan Mayu na 1607 mutum 104 suka sauka a wani wuri mai fadama da ruwa mai gishiri. Umarnin da aka ba su shi ne su nemo zinariya da hanyar ruwa zuwa Asiya, kuma kaso mai yawa daga cikinsu 'ya'yan manya ne da ba su taɓa riƙe fartanya ba. Kafin jirgin agaji ya iso a watan Janairu na 1608, saura mutum 38. An ƙaro wasu ɗaruruwa, amma a hunturun 1609 zuwa 1610, lokacin da mutanen Powhatan masu ƙasar suka daina ba su masara suka kuma tsare su a cikin ganuwa, yunwa ta sa suka cinye dawakai da karnuka da ɓeraye, aka wayi gari kimanin 60 ne suka rage. Ba zinariya, ba hanyar Asiya. Abin da ya ceci wurin shi ne taba, wadda John Rolfe ya fara gwada wani irinta mai daɗin sha a 1612. Sarki James da kansa ya rubuta ƙasida yana la'antar shan taba tun 1604, amma harajin da take kawowa bai bari ya hana ta ba. Ita taba tana cinye ƙarfin ƙasa cikin 'yan shekaru, tana kuma buƙatar hannaye da yawa, don haka daga nan buƙatu biyu suka taso waɗanda suka sauya komai: ƙarin fili, wanda aka ƙwata daga 'yan ƙasa, da ƙarin ma'aikata. A 1619 aka sauke 'yan Afirka ashirin da 'yan kai, waɗanda aka kamo daga yankin Angola. A 1622 mutanen Powhatan suka kai farmakin da ya kashe Turawa 347, aka shiga yaƙin ramuwa na shekaru, a 1624 kuma Sarki ya soke kamfanin ya karɓi mulkin wurin da kansa.

Sai yanzu muka iso kan mutanen malaminka. A 1620 jirgin Mayflower ya kai fasinja 102 Plymouth da ke gaɓar Amurka, kuma wani ɓangare nasu masu tsananin riƙo da addini ne da suka ɓalle daga Cocin Ingila, suka yi zaman hijira a Leiden ta ƙasar Holan kafin su wuce. Kusan rabinsu suka mutu a hunturun farko. Daga 1630, ƙarƙashin jagorancin John Winthrop, mutane kimanin 20,000 suka yi ƙaura zuwa yankin Massachusetts cikin shekara goma, saboda matsin da suka sha zamanin Sarki Charles na Ɗaya. Waɗannan da gaske addini ne ya tayar da su, sun tafi da matansu da 'ya'yansu da limamansu, kuma ba daidai ba ne a ce duk fakewa suka yi. Haka Maryland a 1634 ta zama mafakar 'yan Katolika, Pennsylvania kuma a 1681 ta zama ta mabiya ɗariƙar Quaker. Sai dai 'yancin da mutanen Massachusetts suka nema na kansu ne kawai. Sun kori Roger Williams a 1635 saboda saɓanin ra'ayi, sun kuma rataye Mary Dyer a Boston a 1660 saboda ta dage kan aƙidarta. Hatimin kamfaninsu yana ɗauke da hoton ɗan asalin ƙasar yana roƙon a zo a taimake su, amma masu wa'azin da suka duƙufa kan wannan aikin 'yan kaɗan ne, alhali garuruwan da aka gina sun zauna ne a kan gonakin mutanen da annoba ta share tsakanin 1616 da 1619, da na waɗanda aka kora da yaƙi daga baya.

Abin da ya sa nake cewa yayanka ya fi kusa da gaskiya shi ne lissafi. A ƙarni na 17 waɗanda suka tafi Virginia da Maryland da tsibiran Karebiyan sun ninka waɗanda suka tafi yankin Massachusetts sau da yawa, kuma a idon Landan ƙaramin tsibirin Barbados, wanda aka zauna a 1627, ya fi duk garuruwan masu addinin daraja, tun da ya koma noman rake a shekarun 1640. Zuwa shekarun 1670 bayi 'yan Afirka sun fi Turawa yawa a tsibirin. Da gwamnati ta ga inda kuɗin yake, sai ta shigo da ƙarfinta: dokar sufurin teku ta 1651 ta wajabta a riƙa shigo da kayan matsugunan cikin jiragen Ingila, a 1655 kuma rundunar Oliver Cromwell, mai mulkin Ingila a lokacin, ta ƙwace Jamaika daga hannun Sifaniya. Labarin Mayflower ya fi shahara ne saboda Amurkawa sun zaɓe shi a matsayin tushen ƙasarsu, ya fi daɗin ji a kan labarin taba da rake da bayi, kuma daga littattafansu ya shigo namu.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na ziyarci tsohon gidan bayi na Cape Coast, aka ce mana Turawan Ingila sun riƙe shi tun ƙarni na 17. Me ya sa ba su cika ƙasarmu da mutanensu ba a lokacin, kamar yadda suka yi a Amurka? Daga wata mai karatu a Kumasi.

AMSA: Barka kadai, Malama. Abin da suke so a gaɓar Afirka ta Yamma a wancan zamanin ciniki ne, da farko zinariya da hauren giwa, daga baya kuma mutane. John Hawkins ya fara jigilar bayi daga yankin Saliyo tun 1562. Ginin da kika gani ya shiga hannun Ingila a 1664, ya zama hedkwatar kamfanin Royal African, wanda ya samu izini a 1672 ƙarƙashin jagorancin ƙanen Sarki Charles na Biyu, wanda daga baya ya zama James na Biyu. Har kuɗin zinariya da Ingila ta fara bugawa a 1663 sunansa gini, saboda daga wannan gaɓar aka samo zinariyar. Aikin ginin shi ne tara bayi a kurkukun ƙarƙashin ƙasa har jirgi ya zo ya kai su gonakin rake na Barbados da Jamaika, don haka amsarki tana haɗe da amsar da ke sama.

Dalilan da suka sa ba su zauna ba kuwa biyu ne. Zazzaɓin cizon sauro da shawara suna kashe Turawa da yawa a shekararsu ta farko, saɓanin Amurka inda cututtukan Turai ne suka kashe 'yan ƙasa. Sannan sarakunan gaɓar suna da ƙarfi da bindigogi, har Turawan kan biya su kuɗin zama a kan filayen da suka yi gini, kuma daular Asante ta kara da su a fagen yaƙi sau da dama a ƙarni na 19. Sai a 1874 Birtaniya ta ayyana gaɓar a matsayin ƙasar mulkin mallaka.

Wannan zango na ƙarni na 19 yana da nasa dalilan, wato masana'antu masu buƙatar manja da auduga bayan haramta cinikin bayi a 1807, da gasa da Faransa da Jamus, da samun maganin kwini da bindigogi masu sarrafa kansu. Amma tsohuwar dabarar nan ta tura kamfani gaba, gwamnati ta biyo baya, ba ta mutu ba. Kamfanin Gabashin Indiya ya buɗe rumbun ciniki a Surat ta Indiya a 1613, ya zama mai mulki bayan yaƙin Plassey na 1757, gwamnati ta karɓe Indiya daga hannunsa a 1858. A kogin Kwara ma kamfanin George Goldie ne ya samu takardar izini a 1886, gwamnati ta karɓa daga hannunsa a ranar 1 ga Janairu, 1900, aka ɗaga tutar Birtaniya a Lokoja ƙarƙashin Frederick Lugard, kuma daga nan rundunarsa ta ci Kano a watan Fabrairu da Sakkwato a watan Maris na 1903.